Hutun Ma'aikaci a Ƙarƙashin Dokar Ƙwadago

Sau da yawa ma'aikaci yakan haƙura da hutunsa, ko ya ɓoye rashin lafiyarsa, don tsoron kada maigida ya sallame shi. Wannan tsoro yakan samo asali ne daga rashin sanin doka. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta tanadi hutu iri uku ga leburori da ƙananan ma'aikata.

Na farko, hutun shekara. Duk wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da haƙƙin hutun aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashi. Wanda bai kai shekara 16 ba, kwana 12 ne nasa.

Na biyu, hutun rashin lafiya. Za a biya ma'aikaci albashinsa har kwana 12 na aiki a shekara, muddin likita mai rajista ya ba da takardar shaida.

Na uku, hutun haihuwa, watau mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Idan mace ta yi wata 6 a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Sashe na 54 ya haramta wa maigida ya ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu, ko takardar da wa'adinta zai cika kafin ta dawo. Haka kuma idan ciwon da ya biyo bayan ciki ko haihuwa ya tsawaita hutun, bisa shaidar likita.

To, me ya kamata ma'aikaci ya yi? Ya nemi hutu a rubuce, ya ajiye kwafin takardarsa da ta likita, domin maganar baki ba ta da ƙarfi a gaban alƙali. In an sallame shi ko an rage masa albashi saboda hutun, sai ya sanar da ƙungiyarsa, ya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa. Idan sulhu ya faskara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, kuma gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta ikon shari'o'in ƙwadago.

Masu ɗaukar ma'aikata kuma su sani, hutu haƙƙi ne da doka ta ɗora musu, ba alfarma ba.