Daga Lauje Zuwa Wuƙar Roba: Darasi a Kan Gudu da Ƙarfi

Da zarar damina ta kankama a Zariya, ciyawa kan lulluɓe bakin hanyoyi da kufan ganuwa a wajejen Ƙofar Doka. Tun kaka da kakanni lauje ne maganinta. A yau kuwa akwai injin yankan ciyawa na hannu, wanda wani Ba'amurke, George Ballas, ya ƙago a Houston a 1971. Wasu nau'o'insa suna yanka da zaren nailan, wasu da ƙananan wuƙaƙen roba. Wuƙaƙen nan suna cinyewa da wuri, ba kuma kullum ake samun madadinsu a kasuwa ba. Shin ana iya ƙera su a gida?

Na'urar da Ke Gina Siffa

Ana iyawa, da firintar 3D. Wannan na'ura tana narka zaren roba da zafin da ya kai digiri 200, ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa bisa zanen kwamfuta, kamar yadda magini ke jera sahun tubali. Kaurin kowane hawa bai cika wuce milimita 0.2 ba. Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan fasaha a Amurka a 1989. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, da wa'adin rajistar kuma ya ƙare a 2009 sai na'urorin suka yi arha har suka shiga gidaje.

Lissafin Gudu

Lauje da kaifi yake yanka, wuƙar roba kuwa da gudu. A ɗauka injin yana juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, bakin wuƙar kuma yana da nisan santimita 15 daga tsakiya. Gudunsa zai kai mita 94 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 340 a awa. Ciyawa ba ta samun zarafin lanƙwasawa kafin ta tsinke.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Duk abin da ke juyawa yana neman ƙwacewa, kamar dutse a majajjawa. Idan nauyin wuƙar giram 5 ne, tsakiyar nauyinta kuma tana nisan santimita 10, ƙarfin da ke fizgar ramin ƙusarta ya kusa nutan 200, daidai da rataya mata jarkar ruwa mai lita 20. In aka ninka gudun sau biyu, ƙarfin zai ninka sau huɗu.

Inda Rauni Yake

Mai faskare ya san itace ta bin jijiyarsa yake tsagewa. Haka abin da aka buga da firinta: rauninsa yana mahaɗar hawa da hawa. Wuƙar da aka buga a tsaye, fizgar za ta raba hawan, gutsurenta ya tashi kamar harsashi ya sami ido ko ƙwauri. Saboda haka a kwance ake buga ta, zaren ya bi tsawonta, a cike cikinta ba rami, a kuma ƙara kauri kewaye da ramin ƙusa.

Irin robar ma abin dubawa ne. PLA tana da sauƙin bugawa, sai dai tana fashewa in ta bugi marmara, tana kuma yin laushi a wajen digiri 60, zafin da motar da aka rufe cikin ranar bazara kan iya kaiwa. Nailan da PETG sun fi juriya.

Wajibi ne a auna wuƙaƙen a sikeli su zo daidai, domin bambancin nauyi kan girgiza injin ya lalata shi. Kada a ɗaura waya ko ƙarfe a injin da aka yi don roba. Mai aiki ya sa tabarau da takalmi sau-ciki, mutane kuma su ja baya mita 15.

Maƙerin da ke mayar da tsohon sifirin mota lauje ya san yadda ƙarfensa ke karyewa kafin ya ɗora guduma. Irin wannan sanin ake bukata ga mai firinta.

Aikin Ɗalibai

1. A lissafa gudun bakin wuƙa mai nisan santimita 12 da ke juyawa sau 8,000 a minti ɗaya.
2. A tsaga ɓawon rake a tsaye, sannan a gwada tsinka shi a gicciye. Wanne ya fi wuya, kuma me ya sa?