DARASI: RAUNIN YARA DA ABIN DA YAKE CI A ALJIHUN FALKE

'Yan uwa fatake da dillalai, darasinmu na wannan fitowa bai shafi farashin sa ko kuɗin kamiyo ba. Magana ce a kan yaran da muke bari a gida, a Adjamé ko Treichville, mu kama hanyar Mali, Burkina ko Nijar sati biyu ko uku.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto cewa yara kimanin 830,000 ke mutuwa duk shekara ta hanyar haɗari, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen raunin yara a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa. Abubuwa biyar ne kan gaba: haɗarin mota, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa, da shan guba. To, duk biyar ɗin nan akwai su a ƙofar gidanmu.

Na farko, titi. Wanda ya san Adjamé Mairie da titin Nangui Abrogoua ya san yadda gbaka da woro-woro ke tsere don fasinja. Yaro ɗan shekara shida bai iya auna gudun mota ba. Kada a aike shi ya tsallake titi shi kaɗai.

Na biyu, ruwa. Ba sai tafkin Ébrié ba. Bahon wanki ko buɗaɗɗen magudani lokacin damina ya isa ya kashe mai rarrafe, kuma ba a jin kukansa. A zubar da ruwan baho, a rufe randa da duro.

Na uku, wuta. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, murhu na ƙasa, yara na wasa a gefe. In yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na famfo har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Babbar ƙuna sai asibiti nan take.

Na huɗu, faɗuwa da karaya. A nan sai mu ƙara da namu: yaran da ke bin mu kara da mahauta. Sa da ya sauko daga mota bayan kwana da kwanaki a tsaye a firgice yake, tunkuyi da shuri ba wuya. Kada yaro ya tsaya bakin kamiyo ana sauke kaya. In an samu karaya, a fara ɗaukar hoto. Ɗori mai tsanani kan tsare jini. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun yi baƙi, a kwance, a ruga asibiti, don kada a kai ga yanke hannu.

Na biyar, guba. Kananzir a kwalbar lemo, maganin kaska da na tsutsar dabbobi a ƙarƙashin gado. A kulle su sama. In yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, yana iya shiga huhu.

Yanzu ga lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Kuɗin rauni ba na magani ba ne kaɗai. Akwai taksi, akwai hoto, akwai uwar da ta bar sana'arta tana jinya, akwai falken da ya karya farashi ya sayar da dabba don sauri. Jinkiri kuwa shi ke ninka kuɗin: ciwon da za a wanke a ɗinke yau, in ya ruɓe sai tiyata.

Don haka kafin ka tashi:

1. Ka bar kuɗin gaggawa daban da na cefane, a hannun uwargida.
2. Ka ba ta izini ta kai yaro asibiti ba sai ta jira wayarka ba. Babban asibitin CHU na Treichville na nan kusa.
3. Ka rubuta lambobi a bango: 185 motar asibiti ta SAMU, 180 'yan kwana-kwana.
4. Ka yi wa iyali katin CMU. Jaka ɗaya ce a wata kowane mutum, kuma tana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na aikin da ke cikin jerinta.

Ba mai ɗora shanu a mota bai duba igiya ba. Haka ya kamata a duba gida kafin a kama hanya. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.