DARASIN SANA'AR HANNU: HAƊA KAYAN SHAƊARANJI DA BOLTI DA NOTI

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga aji. Muna karanta wa ɗalibai wani labari na zamanin Abbasawa sai kalmar "shaɗaranji" ta fito, aka rasa wanda ya taɓa riƙe kayan wasan da hannunsa. Dami kowa ya sani, ludu kuwa ba a magana, amma wannan sai dai a talabijin, inda ake ce masa ces. Na kanti yana da tsada, kuma galibinsa robobi ne masu kan doki da kambin sarki mai gicciye. Sai muka ce to mu haɗa namu da abin da fitoci ke zubarwa.

Kafin mu ɗauki sifana, akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan wasa. Imamu Malik bai so shi ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a gaban malamai, ta hana shi tare da nardi. A mazhabar Imamu Shafi'i makaruhi ne, bai kai haram ba. Shaikh Yusuf al-Ƙaradawi, a littafinsa Al-Halal wal-Haram na 1960, ya halatta shi da sharuɗɗa. Inda duk suka haɗu kuwa shi ne: in aka sa kuɗi ya zama caca, in ya sa aka jinkirta salla ko ya jawo zagi da rantse-rantse, to haramun ne babu ja. Mu ba masu fatawa ba ne. Wanda malaminsa ko mahaifinsa ya hana shi, ya tsaya a nan. Zai iya koyon sunayen Larabcin ya bar sauran.

Wasan ya faro ne a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓe shi suka kai shi har Andalus. Al-Adli ya rubuta littafi a kansa a ƙarni na 9, bayansa aka yi as-Suli, wanda ƙwarewarsa ta zama abin buga misali. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne siffar kayan da masu sana'a na ƙasashen Musulmi suka riƙa yi. Akwai wani saiti na ƙarni na 12 daga Nishafur ta Iran, yana ajiye a gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York. Babu fuskar mutum ko ta dabba a ciki. Sarki kujerar mulki ce kawai, giwa ƙullutu biyu ne a madadin haure, doki ƙullutu ɗaya. Ke nan mai haɗa kayansa da ƙarfe marar hoto ba sabon abu ya ƙago ba.

Yanzu ga aiki. Ana bukatar guda 32, kowane ɓangare 16. Bolti shi ne namiji, noti ita ce mace, kamar yadda fitoci ke faɗi. Kowane bolti za a kifa shi ne ya tsaya a kan kansa, zarensa na kallon sama, sai a ɗaura masa abin da zai bambanta shi.

Baidaƙ, wato soja, Larabawan yau suna ce masa jundi: guda 16 ke nan gaba ɗaya. Bolti mai kauri milimita 8, tsawo milimita 30, a rufe shi da noti mai hula, wadda kanta ke a dunƙule. Sauran duk mai kauri milimita 10 za a nema. Rukh, ko ƙal'a, guda 4: tsawo 40, da noti mai tsage-tsage a ka, irin wadda ake ɗaure cibiyar ƙafar mota da ita a soka fil. Wannan noti ko a Turanci da sunan ganuwa ake kiranta, kuma in ka dube ta za ka ga dalili. Faras ko hisan, doki, guda 4: tsawo 50, da noti mai kunne biyu wadda ake murɗawa da yatsa. Fil, giwa, guda 4: tsawo 50 shi ma, noti ta yau da kullum, washa a kanta, sannan noti mai hula. Waziri guda 2: tsawo 60, washa biyu da noti a tsakaninsu, hula a sama. Shah ko malik, sarki, guda 2: tsawo 70, babbar washa, sannan noti mai tsage. Tsawonsa ne zai raba shi da rukh.

A nan ɗalibin Larabci zai tsinci riba. Wanda Turawa ke kira sarauniya, a littattafan da firzan ne, mai ba sarki shawara, kuma gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Giwa kuma tsalle take yi zuwa gida na biyu. Sai wajen 1475, a Sifen, aka ba su doguwar tafiyar da ake wasa da ita yanzu. Har yau mutanen Sifen "alfil" suke ce wa giwa, da alif da lam ɗinta, ko da yake mafi yawansu ba su san giwa suke kira ba. Kalmar da ake faɗi in an kashe wasa kuwa daga "shah mat" ta fito.

Mu koma kasuwa. Wanda ke Kumasi ya nufi Suame Magazine, na Ankara ya je Abossey Okai, na sauran garuruwa ya roƙi fitan unguwa ya bar shi ya tona gwangwanin tsofaffin notuna. Amma a yi hattara da abu ɗaya wanda ya ɓata mana yini guda: ba kowace noti ke hawa kowane bolti ba, ko da kaurinsu ɗaya. Akwai zare mai faɗi, akwai mai laushi, wanda ya yi yawa a motocin Japan, ga kuma na tsofaffin motocin Ingila da ke bin awon inci. Noti mai tsage musamman ta cika zuwa da zare mai laushi. Saboda haka a gwada kowace ɗaya a gaban mai sayarwa. In ba ta shiga da yatsa ba, a ajiye ta, kada a ce sifana za ta tilasta ta.

In an dawo gida a jiƙa ƙarafan cikin kananzir su kwana, a goge tsatsa da burushin waya, a shanya. Wannan aiki a tsakar gida ake yinsa, nesa da murhu da ƙananan yara, don noti abin haɗiya ce ga mai rarrafe. Ɓangare ɗaya a bar shi da farin ƙarfensa, ɗayan a shafa masa baƙin fenti sau biyu, shafi marar kauri. Ɗigon gam a kan zare kafin a ɗaure ya isa ya hana notin warwarewa.

Kuskurenmu na biyu shi ne gindi. Kan bolti ɗan ƙarami ne, sarki kuwa dogo ne mai nauyi a sama. Da hannun riga ya taɓa shi sai ya faɗi ya kwashe sojoji uku. Maganin shi ne a manna faffaɗar washa, mai faɗin kamar santimita 3, a ƙarƙashin kan boltin da gam mai haɗi biyu irin Araldite, sannan a yanko robar tsohon tub ɗin keke a liƙa a ƙasa don kada ƙarfe ya kankare allo. Sojoji ƙaramar washa ta ishe su.

Allon dami ba zai yi ba, domin namu na nan Gana gida 100 gare shi, shaɗaranji kuwa 64, takwas sau takwas. A samo guntun falawud a wurin kafinta, santimita 36 kowane gefe, a bar santimita 2 a baki, a ja gidaje masu santimita 4. A gasar duniya gida yakan kai santimita 5 zuwa 6, amma kayanmu ƙanana ne. Wajen jerawa a tuna abu biyu: farin gida ya kasance a kusurwar hannun daman kowane ɗan wasa, waziri kuma ya hau gida mai launinsa. Wanda ya iya rubutu mai kyau ya rubuta sunayen shida da Larabci a bakin allon, kowanne daidai inda yake tsayawa.