Timorasso, inabin da ya kusa ɓacewa

Inabi itace ne mai yaɗo. Ƴaƴansa na fitowa a dunƙule, da yawa bisa reshe guda. Akwai baƙi, akwai fari. Farin ba fari fat ba ne: kore ne, in ya nuna sai ya koma ruwan ɗorawa.

A arewacin ƙasar Italiya, cikin jihar Piyemonte, akwai wani gari mai suna Tortona. Bisa tuddan da ke kewaye da garin ake noma wani farin inabi, sunansa Timorasso. Ba a cika samunsa a wani wuri ba. Mutanen can na matse shi su yi farar giya.

Ga halinsa. Ɓawonsa na da kauri. Yana da zaƙi sosai, yana kuma da tsami. Shi ya sa giyarsa ke yin shekaru a ajiye ba ta lalace ba. Amma nomansa na da wuya. Ƴaƴan na matse juna, in ruwa ya yi yawa sai su ruɓe. Wasu manya, wasu ƙanana, ba su nuna tare. Bana ya ba da amfani, baɗi ya hana.

A shekarar 1879 aka ga wani ƙaramin ƙwaro cikin gonakin inabi na Italiya. Sunansa filoksera, asalinsa daga Amurka ne. Yana cin saiwa har itacen ya mutu. Gonaki da yawa suka mutu. Maganin da aka samo shi ne auren itace: a ɗora reshen inabin Turai bisa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron bai iya kashewa.

Da manoman Tortona suka tashi sake dashe, sai suka zaɓi iri mai sauƙin aiki da yawan ƴaƴa, kamar Cortese da Barbera. Sannu a hankali aka manta da Timorasso. Wajen 1980, ɗan kaɗan ya rage.

Wani manomi na ƙauyen Monleale, Walter Massa, bai yarda irin kakanninsa ya ɓace ba. A shekarar 1987 ya tsinke ƴaƴan Timorasso daban, ya matse su su kaɗai. Abin ya yi kyau, masu saye suka yaba. Maƙwabta suka gani, su ma suka dasa. Yanzu gonakinsa sun wuce hekta 100.

Iri in ya ɓace, kuɗi ba su maido shi. Da manomin nan ya tuge sauran itacen, da yau sai labari.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa ake noma Timorasso?
2. Mi ya sa manoma suka bar shi?
3. Yaya aka yi maganin ƙwaron filoksera?
4. Akwai irin da iyayenku suka noma, wanda ba ku gani yanzu? Ku tattauna.