Kada a Manta da Wanda Ya Buɗe Ƙofar

'Ya'yana masu hidimar gidajen haya, ko a Sabon Garin Kano kuke ko a Kawo ta Kaduna, ku ba ni aron hankalinku. Watarana ɗayanku zai je karɓar kuɗin haya, ya yi ta sallama shiru, maƙwabta su ce sun kwana biyu ba su ga ɗan hayar ba, ga ƙudaje sun yi dandazo a taga. A ɓalle sakata, a tarar rai ya yi halinsa. Wani hayaƙin janareta ne ya kwana da shi a rufe, wani garwashin jin ɗumi ne lokacin hunturu, wani kuma ciwo ne da ya ɓoye.

Daga nan hankalin kowa sai ya koma kan gawa da dangi. Wanda ya fara gani kuwa yana gefe, jikinsa na rawa, ba mai ce masa sannu. Shi nake ba ku amana.

Ku fitar da shi daga wurin, ku zaunar da shi, ku ba shi ruwa. Kada a taɓa komai a ɗakin. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ko a kira 112. Idan za a ɗauki bayaninsa a caji ofis, mai gida ko wani babba ya raka shi, domin wanda ya fara gani shi ake fara yi wa tambayoyi, kuma tsoron zargi kaɗai ya isa hana mutum barci. Kada ku sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya zo, kada kuma a yaɗa hoton mamaci a WhatsApp. Wanke ɗaki da haɗa kayan magada a gaban shaidu, wani daban ya yi. A ba shi hutun 'yan kwanaki ba tare da an taɓa albashinsa ba.

Zai iya kasa cin abinci, ya riƙa jin warin a hancinsa, ya guji bi ta ƙofar. Wannan ba ragwanta ba ce, don haka kada wani ya ce masa "kai ba namiji ba ne?" Idan ya ce "da na leƙa shi tun shekaranjiya", ku tuna masa ajali ba a hannunsa yake ba, kuma ta dalilinsa dangi suka ji, mamaci ya samu sutura.

In firgitar ta wuce wata guda, ku kai shi wurin likita. Akwai masana lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma addu'a ba ta hana neman magani.

Tun yanzu ku rubuta lambar ɗan'uwan kowane ɗan haya, ku riƙa leƙa masu zaman kaɗaici. Allah Ya sa mu cika da imani.