Tsirya Ba Aku Ba Ce: Ma'anar Sunan da Ƙa'idar Rubuta Shi

Tsirya tsuntsuwa ce koriya mai jan baki, tsawonta kimanin santimita 40, wajen rabinsa wutsiya ce. Namijinta yana da zobe baƙi da ja-ja a wuya. Takan yi sheƙa a kogon itace, ta kuma yi ɓarna a gonakin dawa da gero. Aku kuwa, wanda Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta ƙara wa suna, ruwan toka ne mai gajeriyar jar wutsiya, kuma daga kurmin kudu ake kawo shi. Duk da haka, sau da yawa akan haɗa tsuntsayen biyu a kira su aku, lamarin da ke barazanar shafe kalma guda daga harshen.

Dangane da rubutu, "ts" baƙi ɗaya ne mai tunkuɗa, don haka kuskure ne a rubuta "sirya". A Sakkwatanci, kamar yadda ake ji a Ƙofar Marke, wannan baƙi yakan ganɗance kafin wasalin "i", shi ya sa dutse yake zama "dutci". Wannan lafazi halal ne a baki, amma Daidaitacciyar Hausa "tsirya" ta tanada a rubuce. Wajibi ne malamai su koyar da sunan tare da siffar mai shi.