Darasi: Kalmar "bogus" da kayan bogi

Mutanen Gamu da na karkarar Gure suna cin kasuwa da ƴan Najeriya. Kaya na shigowa da rubutun Ingilishi a jikinsu. Akwai wata kalmar Ingilishi da ya kamata mai karatu ya sani, ita ce "bogus". Ana faɗinta "bogas". Ma'anarta ɗaya ce da "bogi" na Hausa.

A Amurka aka fara jin ta. Wajen shekara ta 1827, sunan injin buga kuɗin ƙarya ne. Daga baya aka sa ta ga duk abin da ya ari kamar na gaskiya alhali ba shi ba ne.

Bature yana sa kalmar gaban suna. Bahaushe yana sa ta baya, ya ce likitan bogi, takardar bogi, maganin bogi. Amma tsohuwar kwarya da ta fashe ba ta bogi ba ce, lalacewa ta yi. Sai an yi nufin ruɗin mai saye ake cewa bogi.

Hausa tana da wasu kalmomin. "Jabu" ta fito daga sunan Ijebu, a ƙasar Yarabawa, inda aka yi suna wajen ƙera sulallan ƙarya zamanin Turawa. "Boko" ma asalinta yaudara ce. Tsofaffi sun san amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin amarya ta gaskiya.

Kuɗin jabu asara ne, ana iya maida su. Maganin bogi kuwa rai yake ci. A shekara ta 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutum fiye da 50.000 allurar rigakafi ta bogi. Kwalabar tana da kyau, sunan kamfani yana jiki, amma babu magani ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin magani 10 akwai 1 na bogi ko maras inganci.

Nan ne karatu yake da rana. Wanda ya iya baƙaƙe da lissafi zai duba ranar da magani zai daina aiki. Zai lura ko rubutu ya goge, ko an taɓa buɗe kwali. In maganin jika biyu ya zo a dala hamsin, arha ce mai ban tsoro. Ƙwayoyin da ake shanyawa a faranti cikin rana, babu kwali babu takarda, ba a san daga ina suka fito ba. Magani a gidan likita ake karɓarsa, ko a farmasi mai izini.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta jimla 3 da kalmar "bogi". Ya kuma kawo kwalin magani ɗaya daga gida, a karanta kwanan watan da ke jikinsa tare da malam.